An ce in zama manajar gidan masu larurar ƙwaƙwalwa a Ingila, in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce daga Kano, na zo Ingila a 2022 da bizar aikin kula da mutane. Ina aiki a wani gida mai gado 12 na manya masu taɓin hankali, yanzu ni ce babba a cikin ma'aikata. Manajarmu ta ajiye aiki, mai kamfanin ya ce in hau kujerar, za a sa sunana a rajistar CQC. Albashin ya fi wanda nake ɗauka, amma gabana sai faɗuwa yake. Mene ne ainihin aikin, kuma in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Faɗuwar gaban nan ba laifi ba ce. Wanda aka yi wa tayin kujerar ya hau tsalle don murna, shi na fi ji wa tsoro. Ki karɓa idan kujerar ta zo da ikon cewa a'a. Idan kuwa sunanki kawai ake so a takarda, wuƙa da nama suna hannun mai kamfani, ki ba shi haƙuri ki ci gaba da aikinki.

Ki fara sanin abin da rajistar nan take ɗora miki. CQC ita ce hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da mutane a Ingila tun 2009. Rajistarta kashi biyu ce, ta kamfani daban, ta manaja daban. Taki da sunanki za a yi ta: ke za ki cike takardu, a bincika ko kina da wani tabo a wajen 'yan sanda, sannan jami'in hukumar ya yi ganawa da ke don ya ga ko kin san abin da kike shirin ɗauka. Ƙa'idojin 2014 da hukumar ke aiki da su, su ne ma'aunin. Ta 12 a kan kula da mutum ba tare da jefa shi cikin haɗari ba, ta 13 a kan kare shi daga cin zarafi, ta 17 a kan tsarin gudanarwa da ajiye bayanai, ta 18 a kan wadatar ma'aikata, ta 20 a kan fitowa a faɗi gaskiya idan an yi kuskuren da ya cutar da wani. Hukumar na da ikon gurfanar da manaja ita kanta a kotu, an kuma sha yi. Ranar da wani mazaunin gidan ya mutu mutuwar da ba a zata ba, ke za ki zauna gaban mai binciken musabbabin mutuwa ki yi bayanin wanda ya leƙa shi na ƙarshe, da ƙarfe nawa, da abin da aka rubuta.

A'a ta farko, wadda ta fi kowace tsada, ita ce ta karɓar sabon mutum. Da yawa daga cikin waɗanda ake turo wa irin gidanku daga asibiti suke fitowa, bayan an tsare su a ƙarƙashin Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 1983. Sashe na 2 yana ba da damar tsare mutum har kwana 28 don a duba shi, sashe na 3 kuma har wata 6 don magani, ana iya sabuntawa. Wanda aka tsare da sashe na 3, idan ya fito, sashe na 117 ya wajabta wa ƙaramar hukuma da NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, su ɗauki nauyin kula da shi kyauta. Da wannan kuɗin gidaje irin naku suke rayuwa. To kin ga asibiti na son gadonsa ya samu sarari, mai kamfani kuma gadon da ba kowa a kai asara yake ƙirga masa duk mako. Ke kaɗai ce a tsakani da za ta tambaya ko mutumin ya dace da gidan.

Wayar takan shigo ne ranar Juma'a da la'asar. "Muna da wani bawan Allah, ya lafa sosai, Litinin za a sallame shi." Takardar da za su turo shafi uku ce, duk yabo. Kada ki yanke hukunci a kanta. Ki je asibitin da ƙafarki, ki zauna da mutumin, ki ja nas ɗin da ke dutin dare gefe ki tambaye ta yadda yake kwana, sannan ki nemi tsohon fayil. An taɓa turo mini irin wannan takarda, sai a can cikin tsofaffin bayanai na ga mutumin ya taɓa cinna wa katifarsa wuta lokacin da ciwon ya tashi. A benen gidanmu akwai wata dattijuwa mai shan maganin barci wadda ko ƙararrawar gobara ba ta tashinta, ma'aikacin da ke farke da dare kuma mutum ɗaya ne. Ban ce mutumin mugu ba ne, bai kuma cancanci a bar shi a asibiti har abada ba. Na ce ba zan karɓe shi ba sai an biya kuɗin ma'aikaci na biyu da dare, kuma sai ya fara zuwa mana ziyara da izinin likitansa, wanda sashe na 17 ya tanada: wuni ɗaya, sannan kwana ɗaya, sannan ƙarshen mako. An yi ta ja-in-ja tsakanin ƙaramar hukuma da NHS a kan wanda zai biya, kamar yadda suka saba, daga baya aka biya. Da mai kamfani ne ke yanke wannan hukunci, da ranar Litinin ɗin motar asibiti ta sauke shi a ƙofa.

A'a ta biyu ta fi wuya, don ma'aikatanki za ki faɗa wa, wani lokacin ma zuciyarki. Dokar 2005 mai magana a kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara ta ce a ɗauka kowane baligi yana da wannan ikon sai an tabbatar da akasin haka, kuma don mutum ya yanke shawarar wauta ba ya nufin ba shi da ikon. Ana auna shi ne a kan magana ɗaya a lokaci ɗaya: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya iya faɗin abin da ya zaɓa. Mai ciwon jin muryoyi yana iya kasa yanke shawara a kan magani yau, alhali ya san sarai abin da yake so ya yi da kuɗinsa.

Akwai wani mutum da muka zauna da shi, duk ranar da kuɗin tallafinsa ya shigo, kafin azahar ya kai rabinsa shagon caca, ya dawo da takardun a aljihu yana dariyar yaƙe. Ma'aikata suka zo mini gaba ɗaya: a karɓe katin bankinsa a ajiye a ofis, a riƙa ba shi fam biyar kullum. Tausayi ne ya sa su, na sani. Amma da muka auna shi, mutumin ya san nawa yake samu, ya san nawa yake zubarwa, ya san zai ƙare mako ba ko kuɗin sigari. Ba mu da hurumin taɓa katinsa. Abin da muka yi shi ne zama da shi a ranar da aljihunsa ya bushe, lokacin da yake jin zafin abin, muka tambaye shi me yake so ya tsira. Ya ce kuɗin waya da na kyautar da yake kai wa jikarsa. Ya yarda banki ya riƙa cire waɗannan da sassafe ranar biya. Bayan wasu watanni ya je da kansa ya cike takardar da ke sa shagon ya hana shi shiga, don akwai wannan tsarin. Wani watan ya tsallake, wani watan ya hau bas ya tafi wata unguwa ya zubar. Haka aka ci gaba. Wanda ba zai iya kallon baligi yana ɓarnar abinsa ya haɗiye ba, zai wahala a wannan kujerar.

Haka zancen ƙofa. Wanda ba a tsare da doka ba, idan ya ce zai fita ƙarfe sha ɗaya na dare, sai dai ki lallashe shi, ki tabbatar da wayarsa na da caji, ki rubuta. Idan ba shi da ikon yanke shawara kuma dole a hana shi fita, sai kin nemi izini a rubuce daga ƙaramar hukuma. Idan kuma ɗakin haya ne nasa da kuke zuwa taimaka masa a ciki, sai kotu.

A nan zan faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Tun da aka buɗe bizar masu kula da mutane a 2022, gidaje da yawa rabin ma'aikatansu 'yan Najeriya ne da Gana da Zimbabuwe da Indiya. Mutanenmu suna da haƙuri da juriya, suna girmama tsoho, ba sa ƙyamar wanke wanda ya ɓata jikinsa. Amma mun taso a inda mai taɓin hankali ba shi da ta cewa, dangi ke yanke masa komai, idan ya ƙi a ɗaure. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Wannan tarbiyyar tana biyo mu cikin jirgi. Za ki ji ma'aikaciya tana yi wa mutum mai shekara hamsin faɗa kamar ɗanta don bai yi wanka ba. Za ki tarar an kulle kicin ƙarfe takwas saboda mutum ɗaya ya taɓa ƙona tukunya, sauran goma sha ɗaya sun rasa shayin dare. Za ki ji an ce "ba za ka samu sigarinka ba sai ka gyara ɗakinka". Za ki samu wanda ya ɗora wa mazaunin gida hannu a ka yana masa addu'a ba a roƙe shi ba, Musulmi ko Kirista. Duk waɗannan, a idon doka, tauye haƙƙi ne, wasu ma sai kin kai rahotonsu ga ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Dokar Kulawa ta 2014, ki kuma sanar da CQC. Waɗanda za ki rubuta sunansu kuwa su ne kuke cin tuwo tare jiya, wata ma bizarta da ta 'ya'yanta na rataye da aikin. Za a ce kin zama Baturiya. Ki shirya wa wannan tun yanzu. Abin da na ga yana rage shi shi ne zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai duk bayan 'yan makonni, a yi maganar tun tana ƙarama, kafin ta kai ga takarda.

Ki kuma tsaya musu idan su aka zalunta. Mazaunin gida zai zagi ma'aikaciya da launin fatarta, a ce ai ciwo ne. Wani lokacin ciwon ne, wani lokacin halinsa ne tun yana lafiya. Ko wanne ne, a rubuta, a yi masa magana idan ya natsu, kada a mayar da ita ɗakinsa ita kaɗai washegari kamar ba abin da ya faru.

Karatunki na nas zai yi miki rana a wajen magani, ko da yake ki tuna, muddin ba ki yi rajista da hukumar nas-nas ta Birtaniya ba, ba za ki yi aiki da sunan nas ba. Maganin da zan ce ki sa wa ido fiye da kowanne shi ne clozapine, wanda ake ba waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gwajin jini duk mako na mako 18 na farko, sannan duk mako biyu har shekara ta cika, sannan duk mako huɗu. Ba gwaji, ba magani. Idan mutum ya wuce awa 48 bai sha ba, ba a mayar da shi kan adadin da yake sha, sai likita ya sake farawa da kaɗan. Saboda haka wanda ya je wajen danginsa ranar Juma'a ya dawo Litinin da katin maganinsa cike, ma'aikaciyar dare kada ta ɓalle ta ba shi don ta cike takarda, waya za ta ɗauka. Hayaƙin sigari yana rage ƙarfin maganin a jini: wanda ya daina sha kwatsam maganin zai yi masa yawa, wanda ya fito daga asibitin da aka hana shan sigari ya koma zuƙa kuma zai yi masa kaɗan, ciwo ya dawo ana mamaki. Sai cushewar ciki. Abin kunya ne a tambayi babban mutum yaushe rabonsa da bayan gida, amma wannan maganin ya kashe mutane ta wannan hanyar, don haka a tambaya. Masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani a Ingila suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 15 zuwa 20, akasari saboda ciwon zuciya da suga da huhu. Duba lafiyar jiki na shekara-shekara da suke da haƙƙinsa wajen likitan unguwa, ke za ki bi ki ga an yi.

Idan kina da Musulmi a gidan, maganar azumi a fara ta tun Sha'aban. Mai shan maganin lithium idan jikinsa ya bushe maganin na taruwa ya zama guba, sai an zauna da likita, in ya so a haɗa da limamin da mutumin ya yarda da shi, ya ji daga bakin malami cewa marar lafiya na da rangwame. Dangi kuma za su zo da zancen aljanu da sammu. Ba na gardamar aƙida da kowa a ofis. Idan mazaunin gidan da kansa yana son a yi masa ruƙya, a yi, ƙofa a buɗe, ba duka, ba turaren da zai shaƙe shi, ba kuma mai ce masa ya ajiye magani. Idan shi ba ya so, ko mahaifiyarsa ce ta zo da malamin, sai su koma. Sirrinsa ma haka: yayansa zai bugo daga Kaduna yana tambayar me likita ya ce, ba za ki faɗa ba sai da izininsa. Hausawan garin da kike ba su da yawa, a masallaci da wajen suna za ki haɗu da dangin, su tare ki da tambaya. Ki koyi cewa "yana gaishe ku" ki wuce.

Ranar da ciwo ya tashi sosai, kada ki zaci motar asibiti za ta zo nan da nan. Za ki kira tawagar ko-ta-kwana ta masu lafiyar ƙwaƙwalwa, ko lambar wayar NHS ta 111. Tsare mutum na buƙatar likitoci biyu da jami'in da aka ba wannan izini, sannan a samu gado, wanda kan ɗauki kwanaki. A tsakanin nan ku ne da shi. Tun 2023 'yan sanda suka ja baya daga irin wannan kira sai idan rai na cikin haɗari ko ana aikata laifi. Ni ko da suna zuwa ba na gaggawar kiransu, musamman a kan baƙar fata. Alƙaluman NHS sun daɗe suna nuna ana tsare baƙaƙe da dokar 1983 fiye da farare ninki uku da ɗoriya. Olaseni Lewis yana da shekara 23 ya mutu a 2010 bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem da ke Landan, har aka yi dokar 2018 kan amfani da ƙarfi a asibitocin ƙwaƙwalwa saboda shi. Shi ya sa nake son a san alamun kowane mutum tun da wuri, a rubuta su da kalmominsa: wani barci yake dainawa, wani labule yake rufewa da rana, wata kuma sai ta fara rabar da kayanta.

Mugun abu a irin waɗannan gidaje ba ya faruwa gaban manaja. Cin zarafin marasa lafiya da kyamarar ɓoye ta BBC ta tona a Winterbourne View a 2011, da Whorlton Hall a 2019, da Edenfield a 2022, duk asibitoci ne masu takardu da shugabanni, Whorlton Hall ma CQC ta ba shi shaidar mai kyau kafin asirin ya tonu. Mu da muka ga hotunan mutanen da aka fito da su da mari a ƙafa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 mun san inda rufaffiyar ƙofa ke kaiwa. Ki riƙa faɗowa ƙarfe uku na dare ba sanarwa. Ki ci abinci a teburinsu. Idan mutum ya yi shiru duk lokacin da wani ma'aikaci ya shigo, ki bi sawu.

Sauran lokacinki kuwa rosta ce da kuɗi za su cinye, ba abin burgewa a ciki. Wani ya bugo ƙarfe shida na safe ba shi da lafiya, 'yan cike gurbi na ejansi sun fi tsada kuma ba su san mutanen ba, ƙarshenta ke za ki tsaya. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 11.44 zuwa 12.21 a awa, harajin da kamfani ke biya a kan ma'aikaci ya koma kashi 15 cikin ɗari, abin da ƙananan hukumomi ke biya kuma ba ya bin wannan gudun. Mai kamfani zai ce a rage mutum ɗaya a dutin yamma. Wannan ita ce a'a ta uku, kuma a rubuce ake yin ta, ta imel, da dalili, ki ajiye kwafi. Masu binciken CQC galibi ba sa sanarwa kafin su zo, tambayoyinsu biyar ne: ko gidan ba haɗari, ko kulawar na aiki, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa, ko shugabanci na da kyau. Ba a fafe gora ranar tafiya; abin da ba a rubuta a ranarsa ba, a wajensu ba a yi shi ba.

Ba dole sai kina da digiri ba. Abin da ake nema shi ne difloma ta mataki na 5 a shugabancin kula da manya, ana kuma iya yin ta kina kan kujerar. Ki sa kamfani ya biya, ya kuma ba ki ranar karatu.

Kafin ki ba da amsa, ki karanta rahoton CQC na ƙarshe a kan gidan, yana intanet kowa na iya gani. Ki nemi tsohuwar manajar ku sha shayi a waje, ki ji abin da ya kore ta. Sannan ki zauna da mai kamfanin ki tambaye shi wa ke da maganar ƙarshe a kan karɓar sabon mutum, ko za a cire ki daga rosta ko kuwa ke ce manaja da safe, ke ce mai duti da yamma, mutum nawa za ku riƙa karɓa-karɓar wayar dare, ko za a ba ki mataimakiya, da kuma wanda zai riƙa zama da ke yana duba aikinki. Amsoshin su shiga takardar aiki. Idan ya fara "ai mu 'yan uwa ne, ba sai an rubuta ba", ki ce masa za ki riƙe gidan a matsayin mataimakiya har ya samo manaja, ki yi diflomarki a hankali.

Bizarki a kan aikin kula da mutane aka ba ki ita, manaja kuma wani rukunin aiki ne daban, saboda haka sai kamfani ya ba ki sabuwar takardar ɗaukar nauyi kin sabunta bizar kafin ki fara. Ƙa'idojin sun canza a 2024, sun sake canzawa a 2025, ki ga lauyan shige da fice mai lasisi kafin ki sa hannu a komai. Idan kuma kin hau kujerar, wata rana kika tashi barinta, ke da kanki za ki rubuta wa CQC ki soke rajistarki. Kada ki bar wa kamfani, don muddin sunanki na can, ke ce manajar gidan a wajen hukuma ko da kin koma wani gari.